Yarinya ta iya canji a kasuwa amma x ya gagare ta, ina mafita?

Wata Hajiya daga Jega ce ta aiko da tambaya, ta ce ɗiyarta tana aji biyu na ƙaramar sakandare, in an aike ta kasuwa ko kwabo ba a cutar ta, canji kuwa kafin mai shago ya taɓa kalkuleta ta riga ta faɗa masa, amma tun da aka fara aljabara, wato lissafin nan da ake sa x a ciki, sai ta koma kamar ba ita ba, jarabawar zangon da ya wuce ma lissafi ta faɗi. Ita Hajiyar a firamare ta tsaya, shi ne take tambaya yadda za a riƙa yi wa yarinyar bita a gida, ko dole sai an ɗauko mai lesin.

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana su ya yi musu albarka. Ni dai na fi shekara goma sha biyar ina shan ƙurar alli a kan wanga darasi a nan Kebbi, kuma abin da kika faɗa duk shekara sai na gan shi, musamman wurin yaran da ke taya iyaye ciniki. Ki kwantar da hankalinki, yarinyar da ke iya canji da ka ta riga ta iya rabin abin, sauran rabin mu malamai ne muka cukuikuye mata shi.

Ki gwada ta da wannan yau da dare, kada ki ambaci makaranta ko kaɗan. Ki ce mata, na aiki wani ya auno min shinkafa mudu uku, ya biya ɗan kabu-kabu naira 500, duka kuɗin da ya kashe 6,500, nawa aka sayar masa da mudu? Na tabbata kafin ki rufe baki za ta ce dubu biyu. Sai ki ce ya aka yi kika sani. Za ta ce ai na cire kuɗin mashin saura dubu shida, na raba uku. To wallahi Hajiya shi ke nan abin da ake nema a aji, in aka rubuta shi da yaren makaranta shi ne 3x + 500 = 6500, a cire 500 ya zama 3x = 6000, a raba uku, x = 2000. Wannan x ɗin ba wani aljani ba ne, kuɗin mudu ne da ba a faɗa mana ba. Ni a aji nakan ce su karanta shi da "kaza", kaza uku da ɗari biyar ya tashi dubu shida da ɗari biyar, kullum sai an samu wani ɗan banza a baya ya ce Malam kazar Hausa ko ta gidan gona, a yi dariya, amma dai sunan yana zauna musu.

Kuma ba ni na fara ba. Mutumin da aka samo sunan fannin daga littafinsa, Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, a Bagadaza ya yi rubutunsa wajajen shekarar 820, zamanin halifa Ma'amun, kuma babu x ko ɗaya a cikin littafin, duk da kalmomi ya rubuta, abin da ba a sani ba yana kiransa shai'un, wato "abu". Wannan x da y da z sai a 1637 wani Bafaranshe, Rene Descartes, ya yayata amfani da su. Ita kalmar aljabara kuwa daga al-jabru take, ɗori ke nan, gyaran abin da ya karye, in kin tuna a Islamiyya ana karanta shafa a kan jabira wurin alwala, wato tsinken ɗori da ƙyallen da aka ɗaure karaya da shi, to tushensu ɗaya. Nakan faɗa wa yara wannan don su daina ganin abin kamar kayan Turawa ne aka jibgo musu.

Yanzu ga inda cutar take. Yawancinmu, har da ni a farkon aikina, muna koya wa yara wata waƙa: in lamba ta tsallaka alamar daidai sai ta canza alama, fulos ya koma mainos, mainos ya koma fulos. Yaro ya haddace kamar karatun allo, kuma a tambayoyin farko tana yi masa aiki, x + 7 = 12, bakwai ta tsallaka ta zama mainos, x = 5, Malam ya ba da maki kowa ya ji daɗi. Sai a zo kan 2x + 3 = 11. Uku ta tsallaka, 2x = 8, lafiya lau. Daga nan sai ɓarna. Wani ya ce biyu ta tsallaka ta zama mainos, ya rubuta x = 8 − 2, ya samu 6. Wani kuma ya tuna rabawa ake yi amma waƙar na cikin kansa, sai ya raba takwas da mainos biyu ya samu −4. Ina da wani ɗalibi shekarun baya, babansa dillalin albasa ne a Aliero, yaron nan zai lissafa maka la'adar buhu arba'in yana tafe yana cin rake, amma shi ne ya rubuta min shida. Na kira shi gaban tebur na ce buhu biyu sun tashi dubu takwas, nawa ne buhu? Ya kalle ni kamar na raina masa hankali ya ce Malam ai huɗu na. Na ce to mi ya kai ka rubuta shida? Ya ce ai wancan ciniki na, wanga ko lissahi na. Wannan amsar tasa ta daɗe tana damuna, domin gaskiya ya faɗa, mu muka raba masa su gida biyu.

Don haka abu na farko, a ajiye waƙar tsallakawa tukuna. Babu lambar da ke da ƙafa balle ta tsallaka. Abin da ke faruwa shi ne alamar daidai sikeli ce, irin ta masu nama ko masu awon ƙarfe, hannun hagu da na dama nauyinsu ɗaya, duk abin da aka yi wa wannan hannun dole a yi wa wancan, in ba haka ba ta karkace. A 2x + 3 = 11 an cire uku a hagu an cire uku a dama, saura 2x = 8. Shi kuma 2x ma'anarsa biyu sau x, ninki ne, kuma abin da ke warware ninki rabawa ce, a raba hagu biyu a raba dama biyu, x = 4. Ki sa ta riƙa rubuta wannan a fili a kowane layi, "na cire 3 a kowane gefe", "na raba kowane gefe da 2", ko da Hausa ne a gefen takarda. Zai ci mata lokaci da takarda a makon farko da na biyu, wani malamin ma zai ce tana ɓata lokaci, ki ƙyale shi, daga baya da kanta za ta gajarce, kuma lokacin in ta ce ta tsallakar ta san abin da take nufi.

Ga wata dabara da ba ta cin ko sisi. Ki tara kwalayen ashana da suka ƙare guda takwas, ki samo wake ko gyaɗa. Ba tare da ta gani ba ki sa ƙwaya huɗu-huɗu a kowane kwali ki rufe. Ki ja layi a tsakiyar tabarma ko faifai biyu ma ya isa, hagu ki ajiye kwali biyar da ƙwaya biyu a fili, dama kwali uku da ƙwaya goma a fili. Ki ce mata waken hagu da na dama yawansu ɗaya, kuma kowane kwali abin da ke cikinsa ɗaya ne da na ɗan'uwansa, ki gaya min nawa ne a ciki, sharaɗi ba buɗewa, kuma duk abin da kika ɗauka a nan sai kin ɗauki irinsa a can. Ki zuba ido kawai. Za ta ɗauke kwali uku nan uku can, saura kwali biyu da ƙwaya biyu suna fuskantar ƙwaya goma, ta ɗauke bibbiyu, kwali biyu daidai da takwas, ta ce huɗu. Sai ta buɗe ta ƙirga. Abin da ta warware da hannunta shi ne 5x + 2 = 3x + 10, irin tambayar da ke sa 'yan aji uku gumi. Ranar da na fara kai kwalayen nan aji, wata yarinya da ko ɗaga hannu ba ta taɓa yi ba ita ta fara buɗe kwali, ta ƙirga waken sau biyu tana kallona, wai ko na yi wani siddabaru ne. In ta yi sau uku ko huɗu da adadi daban-daban, sai ki ce ta rubuta abin da hannunta ya yi layi-layi, x a madadin kwali.

Amma kwalin ashana yana da iyaka, ba ya nuna lambobin ƙasa da sifili, kuma in gaya miki gaskiya Hajiya, yawancin yaran da ake cewa aljabara ta kayar da su, mainos ce ta kayar da su tun aji ɗaya ba a lura ba. Ki tambaye ta 3 − 8 nawa ne. In ta ce biyar, ko ta ce ba ya yiwuwa, to an gano bakin zaren, a tsaya nan kwana uku kafin a ci gaba. Da bashi ake koyar da shi: kina da naira uku, kin ci kayan naira takwas, ana bin ki biyar, shi ne −5. Ana bin ki biyar kin ƙara cin bashin huɗu, −5 − 4 = −9, ba −1 ba kamar yadda rabin aji ke rubutawa. Cire mainos kuwa yafe bashi ne, wanda aka yafe wa bashin dubu ai ya ƙaru da dubu ko da ba a damƙa masa komai a hannu ba, shi ya sa 6 − (−2) ya zama 8.

In wannan ya zauna sai a kawo irin 10 − 3x = 1. Yara da yawa suna cire goma su rubuta 3x = −9, sun yar da mainos ɗin da ke gaban 3x a hanya. Daidai shi ne −3x = −9, a raba da −3, x = 3. Ni na fi son in nuna musu ɗaya hanyar, wadda ita ce ainihin ɗorin da al-Khawarizmi yake nufi: an ɗebe wa goma 3x, to a mayar mata da abinta, a ƙara 3x a kowane gefe, 10 = 1 + 3x, a cire ɗaya, 9 = 3x, x = 3, ba a haɗu da mainos ko sau ɗaya ba. Wasu sai su tsorata wai x ya koma dama. Sikeli ba ruwanta da wane hannu aka ɗora nama.

Sai baka, wato in an kewaye lambobi kamar 3(x + 2) = 21. Kuskuren da aka saba shi ne 3x + 2 = 21, ukun ta gaisa da x ta manta da biyu. Ki ce mata leda uku ce, kowace da kwali ɗaya da ƙwaya biyu a ciki, in an zazzage kwali uku ne da ƙwaya shida, 3x + 6 = 21, 3x = 15, x = 5. Mai wayo ma ba sai ya zazzage ba, leda uku ashirin da ɗaya, leda ɗaya bakwai, x + 2 = 7. Wadda ta fi cin mutane ita ce mai mainos a gaban baka, 8 − 2(x − 3) = 4, a nan −2 sau −3 ya ba da +6, sai ya zama 8 − 2x + 6 = 4, wato 14 − 2x = 4, x = 5. Wanda ya rubuta −6 zai samu wata amsa daban kuma ba zai san ya faɗa rami ba.

Shi ya kawo ni kan abin da in da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak in bar miki, shi zan zaɓa: gwada amsa. Duk tambayar da ta gama, ta ɗauki abin da ta samu ta mayar a gurbin x a tambayar asali, ta ga ko hagu da dama sun yi daidai. Wanda ya samu shida a 2x + 3 = 11, da ya gwada zai ga biyu sau shida da uku sha biyar ne, ba sha ɗaya ba, ba sai Malam ya zana masa jan biro ba. A ta bakan nan, 8 − 2(5 − 3) takwas a cire huɗu ne, huɗu, ta fita. Amfanin wannan gare ki shi ne ba sai kin iya warwarewa ba kafin ki duba aikinta, tarawa da ninkawa kawai ake bukata kuma kin iya su. Kuma a jarabawar gama aji uku, BECE da muke kira jiniya wayek, a ɓangaren canki-canka in tambaya ta cije ana iya gwada amsoshin da aka jera ɗaya bayan ɗaya har a dace.

Wani abu ƙarami da ke cinye maki, ki leƙa littafinta ki gani ko tana jera alamar daidai kamar jirgin ƙasa, 2x + 3 = 11 = 8 = 4. Sha ɗaya ba takwas ba ce, takwas ba huɗu ba ce. Yara sun taso tun firamare suna ɗaukar alamar nan da ma'anar "ga amsa nan tafe". Wanda ya ƙirƙiro ta, Robert Recorde, wani likita ɗan Birtaniya a 1557, layi biyu masu tsawo ɗaya ya zaɓa saboda a ganinsa babu abu biyu da suka fi su zama daidai da juna. Kowane mataki layinsa daban, alamar daidai ɗaya a layi, kuma su jeru ƙarƙashin juna.

Masu rabi da sulusi ba zan daɗe a kansu ba don sai waɗancan sun zauna. In ta ga x/2 + x/3 = 10, ta nemi lambar da biyu da uku duk suke shiga, shida, ta ninka kowane abu da ita har da goman da ke dama, nan ne ake mantuwa, 3x + 2x = 60, x = 12, rabinsa shida sulusinsa huɗu, goma cif. In tana son ta ga inda ake amfani da shi a zahiri, rabon gado ne, kuma babban kaso na littafin al-Khawarizmi ma a kan gado da wasiyya yake. Misali mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu mata uku, babu iyaye, bayan an biya bashi saura naira 800,000. Matar ta ɗauki tumuni, 100,000, saura 700,000. Rabon ɗiya mace x, na namiji 2x, maza biyu 4x, mata uku 3x, 7x = 700,000, kowace mace 100,000 kowane namiji 200,000. Wannan misalin aji ne fa, gadon gaske a kai wa malamai da alƙalai.

Akwai kuma matsalar da ba ta lissafi ba ce sam, Turanci ne. Tambayoyin da ake kawowa cikin labari, yaro ya iya warwarewa amma bai gane me aka ce ba. Wadda ta fi kama su ita ce in ana nufin lambar da ta gaza x da biyar, a jimlar Turanci biyar ɗin ce ke fara zuwa, sai yaro ya bi yadda ya ji ya rubuta 5 − x alhali x − 5 ake nufi. Maganinsa ta fara faɗin labarin da Hausa da bakinta, ta ce wa ya fi wa, wa aka cire wa, sannan ta rubuta a sama "x shi ne kuɗin mudu" ko "x shi ne shekarun ƙanen" kafin ta taɓa komai.

Batun yadda za a tsara bitar kuwa, ni ban yarda da zaman awa biyu ranar Lahadi ba. Minti sha biyar zuwa ashirin kullum, bayan ta dawo Islamiyya ta ci abinci ko bayan isha'i in akwai wuta, tambaya biyar kacal, uku irin wadda ta iya, ɗaya irin ta jiya da ta kuskure, ɗaya sabuwa. Wadda ta faɗi kada a yage shafin, ta kewaye layin da kuskuren ya shigo, bayan mako biyu in kika duba za ki ga kusan duk wuri ɗaya ne take tuntuɓe. Tambayoyin kuma ba sai kin sayi littafi ba, daga amsa ake ƙera su a koma baya. Ki riƙe lamba a zuciya, a ce bakwai, ki ninka huɗu, ashirin da takwas, ki cire biyar, ashirin da uku, sai ki ce mata na riƙe wata lamba na ninka ta huɗu na cire biyar na samu ashirin da uku, wace ce? Ta rubuta 4x − 5 = 23 ta nemo. Kina tankaɗe ko kina tsintar shinkafa ma za ki iya. Bayan kwana biyu ku juya, ita ta riƙe lamba ta ƙera wa ƙannenta ko babanta, yaron da ya iya ƙera tambaya da wuya ta kayar da shi.

Mai lesin, in da hali ba laifi, amma ki zauna kusa ranar farko ki saurara, in kika ji ya buɗe da tsallaka ka canza alama kuma shi ke riƙe da biro tun farko har ƙarshe, kuɗinki kawai zai ci. Haka waya, akwai manhajojin da ake ɗaukar hoton tambaya su zubo amsa har da matakai, in yayyenta na da su a hana ta taɓawa sai ta gama nata ta gwada, in ba haka ba asamen zai riƙa fita tsaf jarabawa kuma ta zo ta tona asiri.

Ki ba ta waɗannan ukun cikin makon nan, ba rana ɗaya ba: 4x + 5 = 29, sai 7x − 3 = 4x + 18, sai 20 − 3(x − 1) = 8. Amsoshin 6 da 7 da 5, ki riƙe su a wurinki kada ki nuna mata. In ta yi, ki ɗauki hoton shafin gaba ɗaya yadda yake da goge-gogensa ki aiko min, layukan tsakiya nake son gani, musamman na ukun, in ga me ta yi da mainos ɗin da ke gaban baka.